Babbar taya ba ta shiga kowane firam

Wasu matasa sun ɗauka idan aka cire tayar inci 26 daga keken hawan dutse aka sa ta inci 29, keken zai fi ratsa rairayi. A keke mai shokazoba a baya, wannan canjin haɗari ne.

Rim ɗin inci 26 milimita 559 ne, na 27.5 milimita 584, na 29 kuwa 622. Bambancin 559 da 622 milimita 63 ne, rabinsa ke kowane gefe, ke nan tayar 29 tana matsowa kusa da firam da milimita 31 da rabi. A tsaye sai ka ga kamar akwai wuri, amma da an faɗa rami shokazoba ta lotsa, tayar baya ta yi sama ta daki bututun sirdi, ta cije nan take. Birkin roba ma ba zai kai bakin rim ba, sai dai birkin faifai.

Inci 27.5 yakan shiga wasu firam ɗin. Kafin a hau, a cire sifirin ko a sace iskar shokazoba, a danne keken har ƙarshe, a tabbata tazarar milimita 6 ta rage ta kowane gefe. Don rairayi kuwa, taya mai faɗi da aka rage wa iska ta fi amfani.