Ƙaton jariri, ɗanyen huhu

Da cikina ya cika mako 26, ungozoma a nan Ingila ta ce in zo da sassafe kafin in karya. Aka ɗebi jinina, aka miƙo mini wani ruwa mai zaƙi har hawa kai, giram 75 na suga a cikinsa. Na zauna awa biyu, aka sake ɗiba. Lafiyata lau. Kasancewata 'yar Afirka kaɗai ya isa a yi mini gwajin, domin muna cikin waɗanda sugan goyon ciki ya fi kamawa.

Ina zaune a kujerar nan sai Yaya ta faɗo mini a rai. A haihuwarta ta uku, can gida, yaron ya zo da kilo 4.5. Mata sai barka: "Tubarkalla, wannan ai da ƙoshinsa ya fito!" Kafin la'asar ya fara nishi, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa da kowane numfashi. Kwana tara ya yi a kwalba. Ba ta taɓa fashin awo ba, amma hawan jini da kwanciyar ɗa ake dubawa. Babu wanda ya ambaci suga.

Ga abin da ke faruwa a ciki idan sugan uwa ya hau. Sugan uwa yana ratsa mabiya ya shiga jinin ɗa, insulin ɗinta kuwa, wato sinadarin da ke rage suga a jini, ba ya ratsawa. Sai jikin ɗan ya yi ta ƙera nasa insulin, ya tara kitse, ya yi girma. Wannan insulin ɗin kuma yana jinkirta wani ruwa mai santsi kamar sabulu da ke hana ƙananan jakunkunan huhu manne wa juna. Wata likitar yara, Mary Ellen Avery, ta nuna a 1959 cewa rashin ruwan nan ke kashe bakwaini, kuma a 1976 ita da abokan aikinta a Boston suka gano jariran iyaye mata masu suga sun fi sauran shiga wannan matsala sama da ninki biyar.

Ba a iya buɗe mai ciki a leƙa huhun ɗanta, shi ya sa aka koma ga dabbobi. Ana yi wa ɓeraye allurar sitireftozotosin, zomaye kuma aloksan, su lalata ƙwayoyin da ke yin insulin, sannan a duba huhun 'ya'yansu. Cikin ɓera mako uku ne kacal, ana ganin sakamako da wuri. Ɓera ba mutum ba ne, kuma sugan da allura ta jawo ya fi na yawancin masu ciki tsanani. Duk da haka ina girmama wannan aiki matuƙa. A kan tumaki Graham Liggins na Niyuzilan ya lura da abin da ya kai ga allurar da ake yi wa mai shirin haihuwar bakwaini don huhun ɗa ya nuna.

Abin da ke ci mini rai shi ne an sha wahalar gano ilimin, saura kofin ruwan suga da ɗibar jini biyu, amma bai isa ɗakin awon da Yaya ta je ba. Ba na zargin ma'aikatan jinya. Mace ɗaya ce ke fama da layi har bakin ƙofa.

Jiya na kira ƙanwarmu, cikinta wata biyar. Na ce, "Idan kin shiga wata shida, ki buɗe baki ki ce a yi miki gwajin suga na jini, ba na fitsari kaɗai ba. Kuɗin ni zan turo."