Tashen Zamani da Batirin Kawu

Duk wanda ya tashi a birnin Kano ya san da azumi ya kai goma, dare ya zama na 'yan tashe. Yara su liƙa gemun auduga, su shafa gawayi, su ɗauko gwangwani da tsohon galan, su bi ƙofa-ƙofa ana miƙa musu 'yan canji. Ni ma na yi har na girme shi. Amma da Allah ya hore mini fiyano ta hannu, sai na ga ai abin kunya ne a ce duniya ta ci gaba, tashe yana nan da gwangwani. Na kira abokina mai waƙa, wanda murya ce kawai jarinsa, na kira Autan gidanmu a matsayin direban baro. Muka aro amfilifaya da sifika ɗaya da makirfo. Saura wuta.

Maganar janareta ba ta yi nisa ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya zama abin da ake aunawa a kwalba ana addu'a. Kuma ƙarar injin za ta danne muryar mawaƙin, ko da yake Auta ya ce wannan ai taimakon jama'a ne.

Sai na zauna da biro. A jikin batirin motar Kawu, tsohuwar Peugeot 504 irin wadda ake haɗawa a Kaduna a da, an rubuta bolt 12, amfiya 60. Ka ninka 12 sau 60, ka samu 720. Wato batirin zai iya ba da wat 720 na awa ɗaya, ko wat 120 na awa shida. Kwalin sifikar ya ce wat dubu take ci, amma kowa ya san alƙaluman kwali na jan hankalin mai saye ne. Mai gyaran rediyon layinmu ya ce duka kayan da kyar su wuce wat 120. Awa shida ke nan, daga bayan asham har gab da sahur. Lissafin nan har gobe ina kan bakana, babu kuskure a cikinsa.

Da yake kayan da wutar gida suke aiki, dole a nemo inbata, na'urar da ke ɗaga bolt 12 na batir ta mai da shi 220. Na shiga Sabon Gari. Mai shagon ya ajiye mini guda biyu a kan kanta. Ya ce wannan wutarta a miƙe take sumul kamar ta gida, waccan kuwa da ɗan gargada, amma duk wuta ce. Na tambayi kuɗin ta farko, ya faɗa, na ji azumin ya ƙara kama ni. Na tambayi na ta biyu.

"Alhaji, wannan ma orijinal ce," in ji shi. Kowa Alhaji ne a shagon nan, har yaron da ya zo sayen batirin tocila.

Na ɗauki mai gargadar. An ce araha ba ta ado, to ai ba ado na zo yi ba.

Kawu bai ba ni wahala ba. Yana kishingiɗe bayan shan ruwa, cikinsa cike da kunu da ƙosai, lokacin da ya fi kowane lokaci sauƙin kai. Na durƙusa na yi bayani.

"Kai ɗan nan, batirin mota kuma? To ka ji sharaɗi: yadda ka ɗauke shi, haka za ka mayar da shi."

"In sha Allahu, Kawu. Har da tsohuwar babbar rigar nan taka nake so, ta shigar dattijo."

Ya ɗaga hannu alamar in je. Ni dai riga na gani a rataye a bayan ƙofa na ɗauka. A cikin duhu duk farar shadda ɗaya ce.

A zaure muka haɗa. Jar waya a kan da ke da alamar tarawa, baƙa a ɗaya kan. Da na kafa ta biyun sai tartsatsi ya yi tsalle, ɗan ƙarami, irin wanda inbata kan yi in ta fara shan wuta. Auta da ke riƙe da tocila sai a tsakar gida muka tsince shi, da tocilar. Da kyar ya dawo bayan na yi masa alkawarin kason kuɗi.

Wanda bai taɓa tura batir a baro cikin lungun birni ba, bai san yawan kwatar da ke unguwarsu ba. Batirin ya haura kilo goma sha biyar, ga sifika a kansa tana rawa, ga ruwan cikinsa yana ƙulu-ƙulu. Duk inda muka iso kwata sai a sauke. Ni nake rungumar batirin a ƙirji, cikin babbar rigar, in tsallaka da shi. Na ji ɗan danshi a gaban rigar, na ce gumi ne.

Muka kafa a bakin titi, tsakanin mai shayi da mai tsire, inda samari ke hira har tsakar dare. Na danna makunnin inbata, fitilarta ta kawo kore. Na kunna amfilifaya. Kafin in taɓa fiyano, sifika ta fara waƙarta ita kaɗai: zzzzzz. Na rage murya, tana nan. Na sauya waya, tana nan. Ashe gargadar da mai shago ya ambata a gurguje ita ce wannan. Fitila ba ruwanta, amma kayan sauti duk abin da ka ba su sai sun faɗa wa duniya. Mai shayi ya ajiye ludayi ya leƙa ƙarƙashin teburinsa, ya ce a yi hankali, ƙudan zuma sun sauka. Na matsar da inbatar nesa da makirfo, ƙugin ya ɗan lafa, na ce wa mawaƙi ya ɗaga murya ya bi ta kansa.

Kuma fa abin ya kama. In faɗi gaskiya, rabin awar farko ban taɓa jin daɗin rayuwa irinsa ba. Na saki kiɗan kalangu daga cikin fiyano, mawaƙi ya shiga yabon mai tsire, ya ce wuƙarsa ba ta san rowa ba, wanda duk unguwa ta san ƙarya ce. Mai tsire ya ji kunya ya miƙo tsinke biyu. Masu Adaidaita suka fara tsayawa. Wani ya liƙa mini naira ɗari biyu a goshi, gemun audugata ya tafi da ita. Ayarin yara 'yan tashe suka iso da galan ɗinsu, suka tsaya baki buɗe, babu mai kallonsu. Na dube su da tausayi irin na wanda ya riga ya ci gaba.

Sai na ji ƙiii.

Na ɗauka makirfo ne. Na ci gaba. Na danna maɓallin ƙasa mai kauri, ƙiii. Na ɗaga yatsa, shiru. Na sake dannawa, ƙiii. Abin da ke faruwa shi ne, sauti mai kauri shi ya fi jan wuta, duk sanda na buga shi ƙarfin batirin sai ya durƙusa, inbata kuma an yi ta ne ta yi kuka in bolt ya gangaro wajen 11, ta kashe kanta in ya kai kamar 10 da rabi. Amma jama'a ba su san haka ba. Sun ɗauka sabon salo ne. Dum, ƙiii, dum-dum, ƙiii. Wani saurayi ya fara daidaita kafaɗarsa da kukan, yara suka ɗauka da baki. Mawaƙi ya juyo ya ɗaga mini babban yatsa.

Na duba agogo. Awa ɗaya da 'yan mintoci. Ina sauran awa biyar ɗina? Na bi waya da ido, daga inbata zuwa bayan baro. Nan na ga Auta a tsugune, ya jona doguwar soket, wayoyin hannu sun kewaye shi a jere, kowace tana ƙyalli. Unguwar ta kwana biyu ba wuta.

"Auta! Me nake gani?"

"Yaya, naira ɗari-ɗari ne. Ai ka ce wutar ta awa shida ce, na ga ta yi mana yawa."

Caja ɗaya wat goma ce ko fiye. Goma daga cikinsu sun kusa cin abin da duk ƙungiyar ke ci. Na kai hannu zan fizge soket ɗin, wani ƙato ya ce wallahi tasa kashi goma sha biyu take, kuma ya biya.

Muna cikin wannan mawaƙi ya kai inda ya fi so a waƙar, ya rufe ido, ya ɗaga kai sama, ya ja dogon numfashi. Inbata ta yi doguwar ƙiiiii, fitilarta ta koma ja, komai ya ɗauke. Sai muryarsa tsirara, babu kiɗa, babu amsa-amo, babu ma ƙudan zuman da ke rufa masa asiri. Da yake idonsa a rufe yake, sai da ya kai ƙarshen baitin. Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce, "Allah sarki, dama haka yake?"

Yaran nan ba su ɓata lokaci ba. Babbansu, wanda bai fi shekara goma ba, ya doki galan, sauran suka amsa: dum, ƙiii, dum-dum, ƙiii. Da bakinsu. Taron gaba ɗaya ya juya musu. Da idona na ga mutumin da ya liƙa mini ɗari biyu ya ba su ɗari biyar, a kan kiɗana.

Na mayar da batirin cikin mota kafin sahur, na ɗaure kawunansa tsaf, har na goge shi da tsumma. Launinsa, nauyinsa, girmansa, duk yadda na ɗauke shi. Da safe Kawu ya shiga zai tafi Dawanau, ya murɗa makulli, motar ta ce ƙyat. Ya sake, ƙyat. Bai yi faɗa ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Kira mawaƙin naku." Mu uku muka tura 504 da azumi a baki, daga ƙofar gida har bakin titi, yana ciki yana gaisawa da mutane. Da ta tashi bai ko waiwayo ba.

Mai cajin batir na bakin kasuwa shi ya ƙarasa ni. Ya ɗora mita, ya girgiza kai.

"Malam, batirin mota ɗan dambe ne. Naushi ɗaya mai ƙarfi na daƙiƙa uku, ya tayar da inji, ya koma ya huta mota tana ciyar da shi. Kai kuma ka sa shi dako."

Ya ce farantan dalmar cikinsa sirara ne, in aka tatse shi ƙarƙaf sau kaɗan ya gama aiki. Ko batirin sola mai kaurin faranti, rabin abin da ke jikinsa ake so a ci. Rabin 720 ɗina 360 ke nan. Inbata ta ci nata ladan, kashi goma zuwa ashirin cikin ɗari, ya tafi a zafi. Ga tsufa, don batirin Kawu ya daɗe da mance amfiya 60. Na ce to in sayi na sola mai amfiya 200? Ya ce in saya, amma ya kusa kilo sittin, in nemi amalanke. Na litiyam kuwa mara nauyi ne, ana cinye kusan duka, sai dai kuɗinsa ya fi fiyanon da amfilifayar a haɗe.

Sannan ya karɓi adaftar fiyanona ya juya bayanta, ya nuna mini rubutun da ban taɓa karantawa ba. Bolt 12 take fitarwa.

"Ka ɗauki 12 ka kai 220, ka sake sauko da ita 12, kana biyan haraji hawa da sauka. Ba ka ga masu tallan maganin basir ba? Amfilifayarsu kai tsaye take shan batir, tun safe har magariba suna damun mutane."

Na ce ni mawaƙi ne, ba mai maganin basir ba. Ya ce shi ya sa nake tura mota.

Da muka zauna rabo, ƙungiya ta tashi da abin da bai kai kuɗin caji ba. Auta kuwa ya fi mu samu, ya kuma ƙi sakawa a asusu, wai sana'arsa daban ce.

Ana jibi Salla Inna ta wanke farar rigar da na mayar bayan ƙofa. Ruwan batir ba ya nuna kansa a ranar, sai yadi ya ga wanki. Ta ɗaga ta a rana, gaban rigar duk ƙananan huji, tun daga aikin wuya har ciki, ana hango katanga ta ciki. Tsohuwar rigar da na roƙa tana can ƙasan akwati lafiya lau. Wannan ta Idi ce, tela ya kawo ta ana gobe azumi.

Kawu ya sa yatsa a huji ɗaya, ya fito da shi ta ɗaya. Ya tambayi Inna nawa ake sayen fiyano ta hannu a Sabon Gari.