Kifi da latas a ruwa ɗaya: wannan sana'ar ba a koyonta a ɗakin taro

Duk wanda ya taɓa zama maƙwabcin mai kiwon tarwada a Jos ya san ranar canjin ruwa, ba sai an faɗa masa ba, hancinsa ne zai kawo masa labari. A buɗe bututu, koren ruwa mai ƙarni ya bi kwata ya ratsa ƙofar gidajen mutane. Ni kuwa duk lokacin da na ga haka takaici ke kama ni, don ruwan nan da ake zubarwa taki ne, a garin da masu lambu tun daga bakin kogin Dilimi har Naraguta kullum kukansu tsadar buhun taki.

To wannan ruwan shi ne tushen abin da ake kira akwafoniks, wato kiwon kifi da noman ganye a ruwa ɗaya ba tare da ƙasa ba. Kifi ya ci abinci ya fitar da ƙazanta mai amoniya, wadda in ta taru guba ce gare shi. Famfo ya tura ruwan cikin kwami mai cike da tsakuwa, a jikin tsakuwar nan akwai ƙwayoyin bakteriya da ke juya amoniyar ta koma naitiret, abincin shuka ke nan, saiwar latas ko alayyafo ta tsotse, ruwa ya koma wa kifi a tace. Haka yake ta zagayawa, sai dai ka riƙa ciko abin da rana da ganye suka shanye. A wurin mutumin da rijiyarsa ke ƙafewa a watan Maris wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A baki kam da sauƙi, kuma nan ne matsalar take. Yanzu abin da ya fito shi ne bitar kwana biyu, a kama ɗaki a otal, a haska hotuna a bango, a sha lemo, a raba satifiket, kowa ya kama gabansa. Wani yaro a unguwarmu, mai hankali wallahi, ya biya kuɗi ya je irin wannan. Ya dawo da zumuɗi, ya sayi tankin nan mai keji na lita 1,000, ya yanke samansa ya yi kwami, ya cika da ruwan famfo, washegari ya zuba 'ya'yan tarwada cike da tankin ya hau ba su abinci safe da yamma. Ba a rufa mako biyu ba ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a tsugune da kwandon tatar taliya na mahaifiyarsa yana kwashe kifi, duk sun juya farin ciki sama, latas ɗin kuma ya yi rawaya ya langaɓe. Ko magana ya kasa, kuɗin da ya tara daga gyaran waya ne.

Abin da ba a tsaya an koya masa ba shi ne bakteriyar nan ba ta zuwa rana ɗaya. Sai an ba ta kamar wata guda ko fiye ta kafu a jikin tsakuwa kafin a cika tanki da kifi, kuma sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo kashe ta yake yi. Wannan fa ba wani sirri ba ne, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da littafi guda a kan ƙananan akwafoniks tun 2014, duk yana ciki. Amma karantawa daban, ka ɗiga maganin gwajin ruwa a 'yar kwalba ka ga launin ruwa ya canza da idonka daban.

Sannan Jos tana da nata halin da bidiyon YouTube ba zai faɗa maka ba. Muna kan tudu ne kusan mita 1,200, sanyin da ya sa kabeji da karas da latas ke yi mana kyau har ake lodinsu a kasuwar Farin Gada zuwa wasu jihohi, shi ne dai yake hana tarwada sakewa, don ita ruwa mai ɗumi take so, wajen digiri 25 zuwa 30. In hunturu ya kankama a Disamba da Janairu sai ta rage cin abinci, ƙazanta ta ragu, ganye ya shiga yunwa, wanda kuma bai sani ba ya ci gaba da watsa abinci yana ruɓewa a ƙasan tanki. Ga maganar wuta. Tarwada tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, karfasa ba ta da wannan juriyar, amma ko da tarwada ce in famfo ya tsaya tsawon dare bakteriya da saiwa su ma iska suke buƙata. Duk malamin da bai fara da lissafin sola da batir ba bai yi wa ɗalibi adalci ba.

Akwai kuma sabo. Mai lambu ya ga tsutsa hannunsa na kan abin feshi, nan kuwa feshi ɗaya ya isa ya kashe kifi. Mai tarwada ya ga kifi ba lafiya ya saba watsa gishiri ko maganin kashe ƙwayoyin cuta, gishiri ya ƙona shuka, maganin ya share bakteriyar da aka sha wahalar renonta.

Na san masu cewa wannan harkar 'yan boko ce masu kuɗi, kuma ban ce ba su da hujja ba. Tanki, famfo, sola, ga abincin kifi da kullum farashinsa ke hawa, jarin farko akwai nauyi, kuma ba zai taɓa maye gurbin masara ko dankalin Bokkos ba. Masu tallata shi a matsayin hanyar zama miloniya cikin wata uku su ji tsoron Allah. Amma gidan da ba gona ba fili sai ɗan tsakar gida, matar aure da ke son ganyen miya mai tsabta da ɗan kifi na sawa a tukunya har ta sayar wa maƙwabta, wannan ai nasu ne.

Shi ya sa nake ganin a fitar da koyarwar daga otal. Muna da Jami'ar Jos, muna da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya, ga tsohuwar gonar kifi ta Panyam a Mangu, ga makarantun sakandare da ake koyar da aikin gona a allo kawai. A kafa ƙaramin tanki ɗaya a irin waɗannan wuraren, ɗalibi ya riƙe shi daga zuba ruwa har girbi, hunturu ya same shi a kai, da ɗan littafinsa yana rubuta abincin da ya bayar da abin da gwajin ruwa ya nuna. A haɗa mai tarwada da mai lambu su koyar tare, da Hausa, da kayan da ake samu a kasuwa a nan gida. Tsakuwa kam Allah ya hore mana, dutsen Jos ba ya ɓata ruwa irin yadda farar ƙasa ke yi.

Yaron nan dai bai haƙura ba. Ya wanke tankin, ya bar ruwa na zagayawa sama da wata, sannan ya zuba kifi kaɗan, ya rufe tankin da baƙar leda saboda sanyin dare. Shekaranjiya da na biya ta gidansu ƙannensa biyu na tsugune a gefe, yana nuna musu yadda ake ɗaga kwalbar gwajin saitin haske.