Ranar da jarumina ya tafi sama bai dawo ba

Ni da abokina muna haɗa wani ɗan wasan kwamfuta a Unreal Engine, wata manhajar gina wasanni. Rabon aikin a fili yake: ni ke rubuta umarnin wasan da yaren kwamfuta na C++, shi kuma yana jan igiyoyi a Blueprint, wato tsarin nan da ya zo da Unreal 4 a 2014, inda ake jona akwati da akwati maimakon rubutu. Na daɗe ina yi masa kallon mai wasan yara. Allah ya sa bai sani ba.

Matsalar ita ce tsalle. Jarumin wasanmu in ya yi tsalle, sai ka ce tsoho mai ciwon gwiwa zai haye kwata. Na buɗe C++, na ga ƙarfin tsallen 600 ne. Na mayar da shi 900, na jira kwamfuta ta gama tattara lambobin, na gwada. Ko gezau. Na sa 2000. Jarumi ya ɗaga ƙafa kaɗan ya sauke, kamar yana yi mini gwalo. Zuciya ta ɗebe ni, na rubuta 50000, na ce to mu gani, ni da kai wa ya fi taurin kai.

Shi ya fi.

Na kira abokina na ce, "Malam, igiyoyinka sun cinye mini lamba." Ya ce, "Wace lamba kuma?" Na shiga yi masa lacca: na sa wa lambar alamar UPROPERTY, na ƙara alamomin BlueprintReadWrite da EditAnywhere domin ɓangarensa ya gan ta, ya iya taɓa ta, ga shi ya ɓata. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce in buɗe Blueprint ɗin jarumin in duba gefen lambar.

300 ce zaune a wurin. Kusa da ita ga wata 'yar kibiya mai lanƙwasa, ƙarama kamar ƙwayar ido. Ashe da zarar an canza lamba a cikin Blueprint, shi ke nan ta ɓalle daga uwarta. Abin da ke C++ ya koma lambar asali kawai, Blueprint kuwa yana riƙe da tasa, ko da za ka kwana kana sauya waccan. Kibiyar ce ke mayar da ita gida.

Na ce, "To wa ya sa 300?" Ya buɗe tarihin canje-canjen aikin, ya karanto mini sunana, da kwanan wata, mako 3 da suka wuce, har da bayanin da na rubuta da hannuna: gwaji ne, zan gyara gobe.

Don in rufe bakin zancen, na danna kibiyar da sauri na kunna wasan. Na manta da 50000 ɗina. A Unreal da santimita ake awo, kenan mita 500 a daƙiƙa guda, ya zarce gudun sauti. Ina taɓa maɓallin tsalle, ƙasa ta ɓace, gidajen da muka yi wata 2 muna ginawa suka koma ɗigo. Da na yi lissafi daga baya, bawan Allah ya haura kilomita 12.

Abokina ya yi shiru a waya, can ya ce, "Ranka ya daɗe, in jira shi ne, ko in ja masa igiya?"