Notin da ba ka san gurbinsa ba

Daren jiya wani ƙanena da muke aiki tare a kan wata manhajar bulokcen, wato kundin cinikin kuɗin intanet da kwamfutoci da yawa ke riƙewa tare, ya turo gyara a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke haɗa aikinsu. Yaron kirki ne, ɗan Asawase, bai daɗe da gama jami'a ba, kuma hannunsa na da kyau. Ya goge layi kusan ɗari huɗu na kod, wato rubutun da ke sarrafa manhajar, ya sake wa abubuwa suna, ya haɗe wasu sassa biyu da ya ga suna maimaita juna. A ƙasa ya rubuta: "Yaya, shara kawai na yi, ba abin da ya canza." Na zauna a ɗakina a Aboabo har bayan ƙarfe ɗaya ina bi layi-layi. Can tsakiyar sharar sai ga shi ya cire wani ɗan bincike mai layi uku, wanda ke tabbatar da ba a kashe kuɗi ɗaya sau biyu ba. A ganinsa akwai wani wuri can gaba da ke yin wannan aikin.

Ban karɓi gyaran ba, kuma ina so in faɗi dalili a fili, don ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Babanmu makanike ne, ya yi shekara da shekaru a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. In aka kwance inji, buhu yake shimfiɗawa a jera kowane noti a kai. Da yamma yaran shago su yi shara, amma ba mai jefar da ko guntun ƙarfe sai ya gani da idonsa. Na sha ganin ya tsinci wani ɗan abu baƙi ƙirin da mai a cikin shara, ya goge da tsumma, ya nuna wa yaro ramin da ya fito. Shagon tsaf yake kullum, amma sharar da ƙa'idarta.

To kod ɗin bulokcen ya fi inji rashin yafiya. Manhajar waya in ta yi kuskure, gobe a sabunta ta, shi ke nan. A nan kuwa dubban kwamfutoci a faɗin duniya ne dole bakinsu ya zo ɗaya a kan kowane bulo, wato kowane sabon shafin ciniki da ake ƙarawa a kundin. Abin da kod ɗin ke yi, har da ɗabi'un da ba wanda ya yi niyyar sa masa, shi ne doka.

Bitcoin da kanta ta ɗanɗana wannan. A sigar 0.14 ta Bitcoin Core, babbar manhajar da ke tafiyar da Bitcoin, sigar da ta fito a 2017, an cire wani bincike don a ƙara sauri, bisa zaton cewa maimaici ne. Ƙwararru ne suka rubuta, ƙwararru suka duba. Sai a watan Satumban 2018 aka gano cewa ɓarakar na iya kifar da kwamfutocin da ke riƙe da kundin, a sigogin da suka biyo baya ma tana iya bari a ƙirƙiri kuɗin da babu su, a tsarin da duk darajarsa ta rataya a kan cewa yawan Bitcoin ba zai wuce miliyan 21 ba. Aka yi maza aka fitar da 0.16.3. Allah ya taƙaita, ba wanda ya riga ya yi amfani da ita a kan ainihin kundin. Kusan shekara ɗaya da rabi ƙofar na buɗe! Layi ukun ƙanena 'yan uwan wannan ne.

Kafin nan, a farkon 2013, sigar 0.8 ta sauya rumbun ajiya daga Berkeley DB zuwa LevelDB. Ashe tsohon rumbun na da wata iyaka da ba a lura da ita ba. A watan Maris wani babban bulo ya zo, kwamfutocin masu sabuwar siga suka karɓa, masu tsohuwa suka ƙi, kundin ya rabe biyu na wasu sa'o'i har sai da masu haƙa, wato masu samar da sababbin bulo, suka koma 0.7.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a bar datti. Wallahi kod ɗin da aka ƙi taɓawa don tsoro shi ma ajalinsa na tafe: sabon shiga ya kasa karanta shi, tsofaffi su gaji su tafi, kuskure ya samu duhun ɓuya. Dubi yadda Bitcoin Core ta rabu da OpenSSL, wani kod ɗin tsaro na waje da ta dogara da shi. A 2016 aka mayar da tantance sa hannu kan libsecp256k1, kod ɗin da suka rubuta da kansu, amma ba a gama tsige OpenSSL gaba ɗaya ba sai a sigar 0.20 a 2020. Sannu a hankali, mataki bayan mataki. Irin sharar da nake nufi ke nan.

Abin da nake roƙon duk mai aiki da ni kaɗan ne. In suna za ka sake, turo shi shi kaɗai, kada ka cusa canjin aiki a ciki. In za ka goge layi, fara tono tarihinsa ka ga wa ya sa shi, a kan wace matsala. Ka rubuta gwajin da zai faɗi in layin ya ɓace. Gyara mai layi ɗari huɗu kuwa ba mai iya duba shi da gaskiya, ido gajiya yake yi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ba a ganin wannan aikin da daraja. Ka je taron matasa a nan Kumasi ko a Accra, hirar farashi ce da sabon kuɗin da za a ƙaddamar. Mai ba da kwangila zai biya sabon maɓalli da murna, amma ka ce masa sati biyu za ka yi kana gyaran abin da ba ya gani a allo, sai fuska ta canza. Alhali kuɗin mutane a kan wannan ɓoyayyen aikin suke kwance, har da na 'yar kasuwar Kejetia da ɗanta ke turo mata daga waje.

Da safe na kira ƙanen nawa muka yi kusan awa ɗaya a waya. Na nuna masa cewa binciken na can gaba ba kowace hanya yake tsarewa ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, bari in rarraba." Kafin la'asar ya turo ƙananan gyare-gyare bakwai, layi ukun nan suna wurinsu, da bayani a kansu da gwaji. Na duba uku na karɓa, sauran huɗun sai bayan isha'i in wuta ba ta ɗauke ba.