Kachalla alama ce, ciwon yana can sama

Duk lokacin da aka kai injinan yankan kachalla, doguwar ciyawar nan da ke fitowa cikin ruwa, Hadejia ko Guri, sai hotuna su cika Facebook, ana ta sambarka. Ni ma ina murna, domin wanda gonarsa ta nutse ba ya jiran dogon bayani. Amma a yanke ta bana, baɗi ta dawo, kuma kowa a yankin ya san haka.

Fadamar Hadejia-Nguru da abu biyu take rayuwa: ambaliya da bushewa. Da damina kogin Hadejia da na Jama'are su tumbatsa, ruwa ya malale, kifi ya hayayyafa, a yi shinkafa. Ruwa ya janye, a shuka wake a danshin da ya bari, Fulani su shigo da shanu. Da rani magudanai su bushe ƙayau, kuma wannan bushewar ce ke hana kachalla kafa gindi.

Sai aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo baya a 1992, duka biyun a kan rassan kogin Hadejia. Ba na musun amfaninsu. Kano na shan ruwansu, tumatir da shinkafar Kadawa da Kura ma daga nan suke. Sai dai ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara ya sa ƙasa ba ta bushewa, ambaliyar da ke share laka kuma ta yi rauni. Kachalla ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta magudanar Marma zuwa tafkin Nguru, gonaki suka nutse a can, alhali na ƙasa wajen Gashua da Geidam suna kukan ƙarancinsa. Ga tsuntsun jan-baki da ke kwana a cikin kachallar, gari na wayewa ya sauka kan shinkafa da gero.

An sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin Ramsar, wato jerin fadamu masu muhimmanci a duniya, a 2000, saboda tsuntsayen da ke zuwa tun daga Turai. Takarda dai ba ta buɗe magudana.

Abin da nake so in ji daga Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are shi ne jadawali: yaushe za a saki ruwa da ƙarfi kamar na damina, yaushe za a rufe a bar ƙasa ta sha rana. Kuma sarkin ruwa da arɗo da manomin Yobe su zauna a teburin, ba injiniya kaɗai ba. Har masu noman tattasai na Diffa a Nijar suna da haƙƙi, tunda kogi ɗaya muke sha, wato Komadugu, kafin ya faɗa tafkin Chadi.

Masu son a farfaɗo da aikin dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi kuma, su fara gaya mana wane ruwa zai isa Yobe idan aka tare Jama'are, kogin da har yau yake kawo ambaliyarsa ba tare da babban dam a kansa ba.