Direban da kullum shi ne "mai laifin farko"

Tun watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar NAFDAC ta ce ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe, ake ta kai-komo a kan batun. Kamfanoni sun koka, ƙungiyoyin ƙwadago sun yi zanga-zanga, Majalisar Wakilai ta sa baki, aka ɗage wa'adin, duk da cewa yarjejeniyar da hukumomi suka ƙulla da kamfanonin a 2018 ta riga ta ba masu sana'ar shekara biyar su kintsa. Ɗaya daga cikin hujjojin masu goyon bayan haramcin ita ce direbobin da ke kwankwaɗar ledar a tasha kafin su ɗauki hanya, kuma hujja ce mai kyau. Abin da ke ba ni takaici shi ne, a duk wannan hayaniya ba a ji wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke faruwa da direban da aka kama cikin maye, aka sake shi, aka kuma sake kama shi ba. An bar jaki ana dukan taiki.

A takarda dokarmu ba ta da laifi. Iyakar da aka yarda da ita ita ce miligiram 50 na barasa a cikin mililita 100 na jini, wadda ta fi ta Ingila tsauri, domin can 80 ce. Amma jadawalin laifuka na dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta 2007 ya yanka wa tuƙi cikin maye tarar naira 5,000 da maki biyar a kan lasisi, kuɗin da tun bayan cire tallafi ba ya sayen lita goma ta fetur. Daga nan ne masu ra'ayin ƙarin tara ke shigowa, suna cewa a mayar da ita dubu hamsin ko dubu ɗari, magana ta ƙare. Wannan ra'ayi ne na wanda bai taɓa zama a kotun majistare ya ga yadda ake yanke irin wannan shari'a ba.

Ga yadda take tafiya. Wanda ake tuhuma ya amsa laifinsa, alƙali ya ba shi damar neman sassauci, lauyansa ya miƙe ya ce wanda yake karewa mai laifin farko ne, magidanci ne mai iyali, ya yi nadama. Alƙali ya juya ga ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tambaye shi ko akwai tarihin wani hukunci a baya, shi kuma ya ce babu komai a hannunsa. Ba ƙarya ya yi ba, domin fayil ɗin gabansa kaɗai ya sani. Direban tirelar da kotun tafi-da-gidanka ta ci tararsa a Lokoja bara, wata ta sake cin tararsa a Tafa bana, idan ya bayyana a Zariya gobe sabon mutum ne fil. Sashe na 16 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya kafa babbar rajistar masu laifi a ƙarƙashin rundunar 'yan sanda, ya kuma wajabta wa 'yan sanda tabbatar da an aika hukuncin kotuna can, amma duk wanda ya san kotunanmu na ƙasa ya san cewa ba a buɗe wannan rajista kafin a yanke wa direba hukunci. Muddin haka ne, ko tarar ta kai miliyan, karo na uku zai ci gaba da zama daidai da karo na farko, sai dai kuɗin "sasantawa" a bakin titi ya ƙaru.

Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske sun gina dokarsu ne a kan maimaici. A Birtaniya, wanda aka sake samu da wannan laifi cikin shekara goma zai rasa lasisinsa na aƙalla shekara uku, kuma ba za a mayar masa ba sai likita ya duba shi. Tun watan Yunin 2022 kuma, wanda ya kashe rai yana tuƙi cikin maye na iya samun ɗaurin rai da rai. A jihar Kalifoniya ta Amurka, laifi na huɗu cikin shekara goma na iya zama babban laifi, kuma tun bayan shari'ar Watson ta 1981 ana iya tuhumar direban da ya kashe rai cikin maye da kisan kai kai-tsaye. Shi ya sa ake karanta wa wanda aka samu da laifin gargaɗi a gaban kotu, cewa tuƙi cikin maye na kashe mutane, domin idan ya sake har wani ya mutu, ba shi da bakin cewa bai sani ba. Duk wannan ya dogara ne a kan abu guda: kotu ta biyu ta san abin da ta farko ta yi.

Akwai masu ɗora laifin a kan lauyoyi, wai su ne ke wanke masu laifi. Ban yarda ba. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, kuma aikin lauya ne ya tambaya a kan wane dalili aka tsayar da motar, wace na'urar gwajin barasa aka hura, yaushe aka daidaita ta, awa nawa suka wuce kafin a ɗebi jini, kuma ina shaidar cewa wanda aka hukunta a baya shi ne wannan da ke tsaye. Waɗannan tambayoyi ba wasa ba ne. A jihar Masacusets ta Amurka, irinsu ne suka bankaɗo cewa an ɓoye bayanan matsalar na'urorin gwajin numfashi, har kotun ƙolin jihar ta yanke a 2023 cewa mutum kusan 27,000 na da damar ƙalubalantar hukuncin da aka yi musu. Bambancin shi ne can lauya sai ya yi gumi kafin ya samu kafa. A nan sau da yawa shaidar da ake kawowa ba ta wuce jami'i ya ce ya ji wari kuma idon direban ya yi ja ba, wadda ɗalibin lauya ma zai rusa ta cikin minti biyar.

Mu kuma a Arewa kada mu ruɗi kanmu da hotunan Hisbah tana murƙushe kwalaben giya a Kano. Dokar tuƙi cikin maye ta haɗa barasa da ƙwaya, kuma abin da ke cikin aljihun wasu direbobin dare da 'yan Adaidaita Sahu, daga tiramol zuwa kodin ɗin da aka haramta tun 2018, na'urar numfashi ba ta ganin sa. Sannan ga al'adar da ta fi kowane lauya ƙarfi: a yi haɗari, dattawa su je ta'aziyya, iyalan mamaci su ce ƙaddara ce sun yafe, 'yan sanda su rufe fayil. Yafiya haƙƙin iyalai ce, kuma Allah ya saka musu da alheri, amma jinin ɗansu suka yafe. Ba su da ikon yafe wa direban a madadin fasinja goma sha takwas da zai ɗauka mako mai zuwa, kuma bai kamata yafiyarsu ta goge sunansa daga rajista ko ta mayar masa da lasisi ba.

Masu cewa tsananta hukunci zai jefa talakan direba cikin yunwa su tuna cewa fasinjansa ma talaka ne. Gangamin wayar da kai da ake yi a tashoshi duk ƙarshen shekara kuwa, wanda aka kama sau uku ba ƙarancin sani ke damun sa ba.

Abin da ake buƙata ba ya neman sabuwar hukuma. Lasisin tuƙi yana ɗauke da hoton yatsu, ga kuma lambar NIN, don haka a ɗaure kowane hukunci da su, a hana alƙali karɓar kalmar "laifin farko" sai an duba. Karo na biyu ya zama ƙwace lasisi na shekaru, kuma kamfani ko reshen ƙungiyar direbobin da ya ba irin wannan mutum mota ya amsa tambaya a kotu. A Amurka, jihar Dakota ta Kudu tun 2005 take tilasta wa masu maimaita laifin zuwa gwajin numfashi safe da yamma, wanda ya faɗi gwajin a tsare shi nan take. Tashoshinmu na da shugabanni da 'yan kamasho da ke sanin kowane direba da sunansa, kuma ba su taɓa kasa karɓar kuɗin lodi daga hannunsa kowace safiya ba.